Karatun Dole: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Sarakunan Turai Suka Tilasta wa Talakawa Kai Yara Makaranta

Yau da wuya ka buɗe kundin dokokin wata ƙasa ba ka tarar da sashen da ya wajabta wa iyaye sa yaransu a makaranta ba. Abin ya zama jiki, har mutane sun manta cewa yana da mafari. Mafarin nan kuwa a fadojin sarakunan Turai yake, daga ƙarshen ƙarni na 16 zuwa na 18, zamanin da talaka ba shi da ƙuri'a, ba shi da bakin magana. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Wace irin sarauta ake nufi da "mai cikakken iko"?

Ita ce wadda wuƙa da nama ke hannun mutum guda. Sarki ne ke yin doka, shi ke yanka haraji, shi ke da soja, kuma babu majalisar da za ta ce masa kul. Kusan abin da Bahaushe ke kira sarkin yanka ke nan, sai dai su sun haɗa da ma'aikatan gwamnati masu albashi da rundunar da ba a sallama ko da an gama yaƙi. Luwis na 14 na Faransa shi ne wanda aka fi buga misali da shi. Akwai sarakunan Purushiya, wadda Berlin ce hedikwatarta, da gidan Habsburg na Ostiriya, da sarakunan Denmak daga 1660 zuwa 1849, da na Rasha.

Wace ƙasa ce ta fara kafa dokar?

An saba cewa Purushiya ce, amma an riga ta. A wancan zamani babu ƙasa ɗaya mai suna Jamus. Ƙananan masarautu ne rututu, sun kai ɗaruruwa, kowace da sarkinta da kuɗinta da dokarta. A cikinsu aka yi gwajin farko. Württemberg ta tsara makarantun ƙauye a cikin dokar coci ta 1559. A 1592 masarautar Pfalz-Zweibrücken ta wajabta karatu a kan yara maza da mata. Weimar ta biyo a 1619.

Wadda ta fi yin suna ita ce Gotha. Sarkinta Ernst, wanda ake wa laƙabi da Mai Tsoron Allah, ya hau gado a 1640, ana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, wanda aka gwabza daga 1618 zuwa 1648. Yaƙin ya bar ƙauyuka kufai, wasu yankunan Jamus sun rasa fiye da rabin mutanensu, yara sun tashi ba su san komai ba sai gudun hijira da ganin sojoji na kwasar ganima. A 1642 Ernst ya fitar da tsarin makaranta wanda wani malami mai suna Andreas Reyher ya rubuta masa: yaro ya shiga yana ɗan shekara biyar, a raba yara aji-aji, a yi jarrabawa, a ci iyayen da suka hana ɗansu zuwa tara. Har aka riƙa yi wa ƙasar ba'a mai kama da yabo, wai manoman Gotha sun fi masu sarautar wasu wurare karatu.

A lura da lokacin da dokar ta fito. Ba a cikin wadata aka yi ta ba, a cikin toka aka yi ta. Wannan zai maimaitu sau da yawa a labarin nan.

Me ya haɗa addini da maganar?

Shi ne tushenta. Martin Luta, wanda ya ɓalle daga cocin Katolika, ya kafa koyarwarsa a kan cewa kowane Kirista ya san aƙidarsa da kansa. A 1524 ya rubuta wa shugabannin biranen Jamus wasiƙa yana roƙonsu su buɗe makarantu. A 1530 ya ƙara gaba, ya ce tun da hukuma na iya tilasta wa talaka ɗaukar mashi ya tafi yaƙi, to ta fi cancanta ta tilasta masa ajiye ɗansa a makaranta, domin yaƙin da ake yi da Shaiɗan ya fi wancan tsanani.

Sannan a ƙasashen Furotesta, wato waɗanda suka ɓalle daga cocin Katolika, sarki ne uban coci. Fastoci tamkar ma'aikatansa suke. Saboda haka duk sarkin da ke son sakonsa ya isa ƙauye mafi nisa, akwai hanya a shimfiɗe: kowane ƙauye na da coci, kowane coci na da fasto da mai kaɗa ƙararrawa. A kan wannan aka ɗora makaranta. Abin da ake koyarwa kuwa galibi katikisma ne, wato ɗan littafin tambaya da amsa na aƙida da ake haddacewa, sai waƙoƙin coci da karatun Baibul. A cikin katikismar Luta, umarnin girmama iyaye ya haɗa har da iyayengida da shugabanni. Sarki ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani kafin ya ga amfanin wannan.

To me ya sa sunan Purushiya ya danne na sauran?

Don ita ce ta girma ta zama babbar ƙasa, daga baya kuma ta haɗe Jamus a ƙarƙashinta. Mai nasara ake tunawa.

Labarinta ya faro ne daga birnin Halle, inda wani fasto mai suna August Hermann Francke ya buɗe makarantar 'ya'yan matalauta a 1695. Francke na cikin masu da'awar gyaran zuciya a cocin Luta, mutanen da ke ganin zuwa coci kawai bai isa ba, sai an horar da rai ya rusuna. A wurinsu son ran yaro abin karyawa ne tun yana ɗanye, kamar yadda ake cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Suka shigo da abubuwan da yau muke gani kamar tun fil azal suke: rajistar kiran suna, jadawalin sa'o'i, ɗaga hannu kafin magana, koyar da yara a dunƙule maimakon ɗaya bayan ɗaya, da horar da malami kafin a ba shi aji. Makarantar ta bunƙasa ta zama unguwa guda mai gidan marayu da maɗaba'a da kantin magani.

Sarki Firedirik Wilhelm na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1713 zuwa 1740, ya ga abin ya yi masa. Mutum ne mai maƙo da zafin rai, ana ce masa Sarkin Soja, kuma a zamaninsa rundunar Purushiya ta ninka har ta kai wajen mutum 80,000. Ranar 28 ga Satumba 1717 ya fitar da umarni: a duk inda akwai makaranta, iyaye su tura yaransu kullum a lokacin hunturu, a lokacin aikin gona kuma aƙalla sau ɗaya ko biyu a mako don kada su manta abin da suka koya. Wanda ya ƙi, a hukunta shi. Wanda ba shi da kuɗin makaranta, a biya masa daga asusun sadakar garin.

Kalmomin "inda akwai makaranta" su ne ƙofar da dokar ta bari a buɗe. Ƙauyuka da yawa ba su da ita, don haka dokar ba ta hau kansu ba. Inda sarkin ya zage damtse shi ne Gabashin Purushiya, yankin da annoba ta yi wa kaca-kaca daga 1709 zuwa 1711 ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na jama'arsa. Can ya kai baƙi suka zauna, ya ba da katakon gini daga dazukan sarki, aka gina ɗaruruwan makarantu, a 1736 kuma aka fitar da ƙa'idar yadda za a riƙe su.

Me dokar 1763 ta ƙunsa da ake yawan ambatonta?

Ita ce ta ɗansa, Firedirik na Biyu, wanda ake kira Mai Girma. Ya sa mata hannu ranar 12 ga Agusta 1763, watanni shida kacal bayan ƙarshen Yaƙin Shekara Bakwai, wanda ya kusa shafe Purushiya daga taswira. Wanda ya tsara ta shi ne Johann Julius Hecker, fasto a Berlin, almajirin gidan Halle.

Daɗin karanta wannan doka shi ne yadda ta shiga lungu-lungu na rayuwar ƙauye. Yaro ko yarinya su fara daga shekara biyar, su ci gaba har sha uku ko sha huɗu, sai sun iya karatu da rubutu sun kuma san addininsu. A hunturu ana zama daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya na safe, a dawo daga ɗaya zuwa huɗu, ban da yammacin Laraba da na Asabar. A lokacin noma an rage zuwa sa'a uku. Hunturu a can shi ne lokacin da gona ke hutawa, kamar rani a wurinmu, shi ya sa karatun ya fi ƙarfi a cikinsa.

Masu dokar sun san dabarar iyaye sarai. Tun da kiwo ne babban uzurin hana yaro zuwa, sai suka ce ƙauye ya ɗauki makiyayi guda na kowa da kowa. Sun hana iyayen ƙasa masu manyan gandaye ɗauke yaran talakawansu zuwa aikin gidansu kafin su iya karatu. Sun yanka kuɗin makaranta daki-daki da sulallan ƙasar, fenik da giroshin wanda ya fi shi daraja: fenik shida a mako ga wanda bai fara karatu ba, tara ga mai karatu, giroshin ɗaya ga mai rubutu da lissafi. Uban da ya yi taurin kai tararsa giroshin sha shida. An hana malami sayar da giya da yin kiɗa a wuraren biki, abin da ke nuna maka irin abin da malaman ke yi kafin nan. Fasto zai riƙa leƙa makaranta sau biyu a mako, a sama da shi kuma akwai sufeto mai zagaye shekara-shekara.

Dubi wancan jadawalin kuɗi da kyau. Rubutu da lissafi sun fi tsada, don haka uba mai ƙaramin ƙarfi yakan tsaya a matakin karatu. Mutane da yawa sun fita makaranta suna iya bin layin littafin addu'a amma ba sa iya rubuta wasiƙa.

Su wane ne malaman?

Nan ne hoton ke rage kyau. Malamin ƙauye a ƙarni na 18 galibi shi ne mai kula da coci, mai kaɗa ƙararrawa, mai ja wa jama'a baƙin waƙa ranar Lahadi. Albashinsa bai isa ya ci da iyali ba, don haka dole ya riƙe sana'a. Tela ne, ko masaƙi, ko maƙeri, ko kafinta. Gwamnati ma ta keɓe wa malaman ƙauye sana'ar ɗinki don su samu na cefane. Ajin kuwa sau da yawa ɗakin zamansa ne: yana ɗinki, yara na rera katikisma, matarsa na girki a gefe. Firedirik ya kuma matsa musu su shuka itatuwan da tsutsar siliki ke ci, su yi kiwonta, don yana son ƙasarsa ta daina sayo siliki daga waje.

A 1779 ya ba da umarnin a riƙa ba naƙasassun sojoji aikin koyarwa in sun iya karatu da rubutu. Daga nan aka samo labarin da ake yaɗawa cewa makarantun Purushiya duk tsofaffin saje ne ke riƙe da su. An ƙara gishiri. Waɗanda suka samu aikin ta wannan hanya kaɗan ne in aka gwada da masu sana'ar hannu. Makarantar horar da malamai da Hecker ya buɗe a Berlin a 1748 ɗigon ruwa ce a cikin rairayi, sai a ƙarni na 19 irinta suka yawaita.

Wa ke biyan kuɗin?

Talaka. Sarki ya rubuta doka, ƙauye ya gina ɗaki, iyaye su biya kuɗin mako, manoma su kawo wa malami hatsi da itacen jin ɗumi. Mafi yawan kuɗin baitulmalin Purushiya soja ke cinyewa.

Iyaye sun karɓi abin da hannu biyu?

Ina fa. Ga manomi, yaro ɗan shekara takwas ma'aikaci ne: yana kiwon dinya da awaki, yana renon ƙanne, yana tsince a gona. A ce a ɗauke shi, a kuma ce ka biya, ga tafiyar ƙafa a cikin ƙanƙara zuwa wani ƙauye ba takalmin kirki, ba kowa zai ga riba a ciki ba. Rahotannin masu zagaye cike suke da kukan cewa da zarar ƙanƙara ta narke aji ya watse.

Amma ba talaka kaɗai ke jan ƙafa ba, kuma a ganina ba shi ne babban mai laifi ba. Iyayen ƙasa masu gandaye, waɗanda su ne alƙalai kuma 'yan sandan ƙauyukansu, su ne ya kamata su tilasta dokar, alhali su ne ke cin moriyar aikin yaran, su ne kuma za a nema su taimaka da kuɗin gini. An ba kura ajiyar nama. A Denmak hakan ya fito fili: Sarki Kirista na Shida ya kafa dokar makarantun ƙauye a 1739, masu gandaye suka yi ca, shekara guda bayan nan aka sassauta ta aka bar musu su yi yadda suka ga dama.

Shin sarakunan nan na son talaka ya waye ne?

Su waye daidai gwargwado, kada su wuce gona da iri. Firedirik na Biyu, wanda ke musayar wasiƙu da manyan masanan Faransa, bai ɓoye ra'ayinsa ba. A wasiƙar da ya aika wa ministansa Zedlitz a 1779 ya nuna cewa ɗan karatu da ɗan rubutu sun ishi mutanen ƙauye, domin in suka san abu da yawa za su gudu birni kowa na neman zama akawu. A koya musu abin da zai amfane su, amma ta hanyar da za ta zaunar da su a ƙauyukansu. Shi kansa bai damu da addini ba, amma yana son a koya wa talaka don kada ya yi sata ko kisa.

Kada a ɗauka masana sun fi shi tausayi. Voltaire, wanda ake wa kallon fitilar wayewar Turai, ya yaba wa wani babban mai gabatar da ƙara na Faransa mai suna La Chalotais a 1763 saboda ya soki koyar da 'ya'yan masu aikin ƙarfi. Ya ce shi mai gona ne, 'yan ƙwadago yake buƙata. A wancan zamani fastocin da ake wa kallon 'yan gargajiya sun fi da yawa daga cikin masu falsafa damuwa da ɗan manomi ya iya karatu.

Abin da sarakunan ke nema shi ne talaka mai yin biyayya ko da babu bulala a kansa. Mulki da dorina na da tsada, ba kuma za ka ajiye dogari a kowace gona ba. In aka dasa wa yaro tun yana ƙarami cewa aiki ibada ne, saɓa wa na gaba zunubi ne, to ya zama dogarin kansa.

Gaskiya ne don samar da sojoji da ma'aikatan masana'anta aka ƙirƙiri makarantar dole?

Wannan magana na yawo sosai a intanet. Rabinta na da ƙamshin gaskiya, rabin kuma ba shi da tushe. Ta fuskar masana'anta lissafin shekaru ma bai ba da ita ba: a 1642 ko 1717 ko 1763 babu masana'antun zamani a Gotha ko ƙauyukan Purushiya. Da suka zo ma, adawa suka yi da makaranta, don suna kwashe yara. Shi ya sa a 1839 Purushiya ta hana ɗaukar yaron da bai kai shekara tara ba aiki a masana'anta.

Ta fuskar soja akwai dangantaka. Daga 1733 an raba ƙasar gunduma-gunduma, kowace runduna da yankin da take ɗibar samari, kuma fastocin da ke riƙe da rajistar haihuwa su ne ke duba makaranta. Ƙananan hafsoshi na buƙatar karatu. Amma in ka duba abin da ake koyarwa a ajin, addu'a da waƙar coci da haddar aƙida ne suka cika shi. Kishin ƙasa da tarihin yaƙe-yaƙe sun shigo daga baya, bayan Napoleon ya ragargaza rundunar Purushiya a Jena a 1806, ƙasar ta rasa kusan rabin faɗinta a 1807.

Ina labarin ƙasashen Katolika?

Babbar misali ita ce Mariya Tereza ta Ostiriya, wadda ta yi mulki daga 1740 zuwa 1780. Tun tana sabuwar hawa Firedirik ya ƙwace mata lardin Silesiya mai arziki, ta yi yaƙi ta sake yi ba ta dawo da shi ba. Sai ta shiga nazarin abin da ya sa ƙaramar maƙwabciya ta fi ta ƙarfi. A 1770 ta furta cewa makaranta lamari ne na siyasar ƙasa, kuma haka za ta ci gaba da zama. Yunwa ta afka wa Bohemiya, wani yanki na daularta, a 1771 da 1772. A 1773 Fafaroma ya rushe ƙungiyar malaman Katolika ta Jesuit, wadda ke riƙe da manyan makarantu, dukiyarta ta faɗo hannun gwamnati. Kuɗi ya samu, dalili ya samu.

Abin dariyar shi ne inda ta samo gwani. Johann Ignaz Felbiger shugaban wani gidan ibada ne a Sagan, cikin Silesiyar da aka ƙwace, wato talakan abokin gabarta ne, kuma shi ya tsara wa Firedirik dokar makarantun Katolika ta 1765. Shi kansa ya je Berlin ya koyo dabarun Hecker. Sai da ta nemi izinin Firedirik kafin ya zo. Ranar 6 ga Disamba 1774 aka fitar da dokar: yara maza da mata daga shekara shida zuwa sha biyu, ƙaramar makaranta a kowane ƙauye mai coci, babba a garuruwa, da makarantar koyi a hedikwatar kowane lardi inda za a horar da malamai. Littattafai iri ɗaya, hanyar koyarwa iri ɗaya. Ɗanta Yusufu na Biyu ya ƙara matsa lamba, ya kuma yi amfani da makaranta wajen yaɗa Jamusanci a daular da ke da harsuna barkatai, abin da ya jawo masa baƙin jini a Hungari.

A Faransa kuwa manufar ta fi fitowa tsirara. Bayan Luwis na 14 ya soke 'yancin addinin Furotesta a 1685, sai a 1698 ya umarci a kafa makarantu a kuma tura yara har shekara sha huɗu, musamman 'ya'yan waɗanda aka tilasta wa komawa Katolika. Makaranta a nan makami ce ta raba yaro da aƙidar iyayensa. Baitulmalin sarki bai ware mata kuɗi ba, dokar ta zauna a takarda.

Har da 'yan mata?

A rubuce, e, tun 1592, domin ceton rai bai bambanta namiji da mace ba. A aikace an fi cire su da wuri, kuma an fi barinsu a matakin karatu ba tare da rubutu ba.

Akwai sarkin da ya tilasta karatu ba tare da gina makaranta ba?

Suwidin ta yi haka, kuma ta ci nasara fiye da masu gini. Dokar coci ta 1686, zamanin Sarki Karl na 11, ta ɗora wa kowane magidanci nauyin koya wa mutanen gidansa karatu. Fasto na zagayawa gida-gida yana yi wa kowa jarrabawa, babba da yaro, bara da ubangida, yana rubuta sakamako a littafi. Wanda bai san aƙidarsa ba ba a ba shi jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da ake rabawa a ibadar coci, wanda ba ya karɓar jibi kuma ba a ɗaura masa aure. Saurayin da ke son aure ba sai an aiko masa da ɗan sanda ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 18 akasarin mutanen ƙasar, maza da mata, na iya karatu, ko da yake masu rubutu kaɗan ne. Dokar gina makarantu a kowace gunduma sai 1842 ta zo.

Peter Mai Girma na Rasha ma ya gwada makamin aure a 1714, amma a kan 'ya'yan masu sarauta da na ma'aikata: babu aure sai da takardar shaidar koyon lissafi. Suka yi ta ƙorafi, cikin shekara biyu aka cire masu sarautar daga ciki. Talakawan gandu kuwa ba a ma sa su a lissafi ba.

A ƙasashen Musulmi fa?

A 1824 Sarkin Musulmin Daular Usmaniyya, Mahmud na Biyu, ya fitar da umarni ga birnin Istanbul cewa kada a kai yaro koyon sana'a sai ya yi karatun farko ya san addininsa. Kukansa shi ne iyaye na cire yara tun suna ƙanana don neman kuɗi, irin kukan da Firedirik Wilhelm ya yi shekara ɗari kafin nan. Umarnin bai yi nisa ba, daular na fama da tawaye da yaƙi. Babbar dokar ilimi da ta wajabta firamare a faɗin daular ta zo a 1869, ita ma aiwatar da ita ya ɗauki lokaci mai tsawo.

Me ya sa Ingila, mai arziki da majalisa, ta makara?

Don majalisar ta masu dukiya ce. A 1807 an kawo ƙudurin kafa makarantun gunduma, wani ɗan majalisa mai suna Davies Giddy ya tashi ya ce karatu zai sa talakawa su raina matsayinsu su kuma karanta takardun tunzura jama'a. Majalisar dattawa ta yi watsi da ƙudurin. Ga kuma rigima tsakanin cocin gwamnati da sauran ɗariƙu kan wa zai riƙe yaran. Tallafin farko da gwamnati ta bayar, a 1833, fam 20,000 ne kacal. Sai 1880 zuwa makaranta ya zama wajibi a Ingila, a Faransa kuma 1882. Sarki mai cikakken iko ba ya jiran kowa ya amince kafin ya sa hannu, shi ya sa ya riga su a takarda.

Yaushe dokar ta tashi daga takarda ta zama gaskiya?

A ƙarni na 19. A Purushiya, wajen 1816, kimanin kashi 60 cikin ɗari na yaran da suka isa ne ke zuwa, shekara kusan ɗari bayan umarnin 1717. Zuwa 1846 an haura kashi 80, a shekarun 1860 aka wuce 90. Abin da ya kawo sauyin shi ne makarantun horar da malamai, da sufetoci, da 'yantar da talakawan gandu, da kuma yadda iyaye da kansu suka fara ganin cewa mai takarda na samun aiki a jirgin ƙasa da gidan waya. Denmak ta kafa dokarta mai ƙarfi a 1814, bayan baitulmalinta ya karye a 1813 ta kuma rasa Norwe.

Daga nan baƙi suka fara zuwa kallo. Masanin falsafa Victor Cousin ya je daga Faransa a 1831 ya rubuta rahoto. Jami'in ilimi Horace Mann ya je daga Amurka a 1843, jiharsa ta Massachusetts kuma ta wajabta zuwa makaranta a 1852. Japan ta kafa nata tsarin a 1872. A 1948 aka sa wajabcin karatun firamare a sashe na 26 na sanarwar haƙƙin ɗan Adam ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ta wannan doguwar hanya ce ra'ayin ya iso har cikin dokar ilimin bai-ɗaya ta Najeriya ta 2004, mai wajabta shekara tara na karatu tare da tanadin hukunci ga iyayen da suka ƙi.

Shin dabarar ta biya wa sarakunan buƙata?

Ta biya na wani lokaci, sannan ta fara ba su ciwon kai. Idon da ya koyi bin layin katikisma zai iya bin layin jarida. Malaman da aka horar kuma sun zama wani rukuni na masu ilimi da ƙaramin albashi da babban ƙorafi. Da juyin juya hali ya ɓarke a 1848, an ga malaman firamare da yawa a cikin masu neman tsarin mulki. Sarki Firedirik Wilhelm na Huɗu ya tara shugabannin makarantun horar da malamai a 1849 ya ɗora musu laifin abin da ya faru. A 1854 aka fitar da sababbin ƙa'idoji da suka rage abin da ake koya wa malamai, suka mayar da ajin ƙauye kan hadda da waƙoƙin coci. A 1889 Sarki Wilhelm na Biyu ya sake umartar makarantu su yaƙi ra'ayin gurguzu a zukatan yara. A zaɓen 1912 jam'iyyar 'yan ƙwadago ta fi kowace samun kujeru a majalisar Jamus, kuma kusan duk wanda ya jefa mata ƙuri'a a makarantar sarki ya koyi karatu.